Daga Kano zuwa Kumasi a babbar mota: amsa ga ɗan direban da ke son gadon sitiyari

"Baba, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, ya shekara fiye da talatin yana bin hanyar Kano zuwa Kumasi ta cikin Nijar da Burkina Faso. Tun muna yara yake gaya mana cewa tuƙin da ya fi na yanzu albarka da mutunci. Yanzu shekaruna 25, ina jan ƙaramar bas a cikin gari, kuma ina tunanin idan an raba gado in sayar da rabona in sayi tsohuwar tirela in bi sawunsa. Shin gaskiya ne tuƙin da ya fi na yau, ko kuwa daɗin baki ne irin na manya? Sannan a cikin kayansa mun tsinci wani ɗan littafi cike da sunayen garuruwa da na mutane, da lissafi da aka rubuta 'dala' da 'jaka' a gefensa, kuma duk gidanmu ba wanda ya gane kansa."

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗana, tambayoyi uku ka haɗa wuri guda: ko tuƙin da ya fi na yau, ko ya dace ka zuba gadonka a tsohuwar tirela, da kuma ma'anar abin da ke cikin littafin nan. A wurina duk ukun igiya ɗaya ce ta ɗaure su, domin wanda ya gane littafin ya gane sana'ar, wanda kuwa ya gane sana'ar ba zai yi gaggawar sayen mota ba. Zan bar maganar littafin zuwa ƙarshe, in fara da hanyar kanta, tunda ita na fi sani. Na hau babbar mota ina yaron mota a 1973, ina da shekara 17, maigidana ya danƙa mini sitiyari a 1979, na kuma ajiye shi a 2012 lokacin da idona ya fara gazawa da dare. Mafi yawan waɗannan shekaru a kan hanyar da mahaifinka ya bi na yi su, saboda haka ba mamaki mun sha shayi a tukunya ɗaya da shi a wata bakin iyaka ba tare da na riƙe sunansa ba.

Hanyar da kayan da ke binta

Idan ka tashi daga Kano sai ka bi Katsina, ka fita ta Jibiya, ka shiga Nijar ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Daga nan ka miƙe yamma ta Madawa da Galmi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso har Yamai, ka haye kogin Kwara, ka bi Torodi da Makalondi ka faɗa ƙasar da a lokacin ake kira Haute-Volta, wadda Thomas Sankara ya sauya wa suna zuwa Burkina Faso a 1984. A can za ka ratsa Kancari da Fada Ngurma da Kufela, sannan ko dai ka yanke kudu ta Tenkodogo ka ɓulla Bawku, ko ka ƙarasa Wagadugu ka gangara ta Po ka shiga Gana ta Paga. Sauran tafiyar ita ce Bolga, Tamale, Kintampo, Teciman, sai Kumasi. Jimillarta kilomita dubu biyu ne da 'yan kai.

Wannan ba sabuwar hulɗa ba ce da mota ta ƙirƙiro. Fataken Gwanja sun riga mu da ɗaruruwan shekaru, suna kora jakuna da kanwa da tufafi zuwa kasuwar Salaga, su komo da goro bayan watanni, kuma su ne suka kafa zangunan da muka riƙa sauka a cikinsu. Kayan ma kusan bai sauya ba: mukan tafi da kanwa da wake da albasar Galmi, wani lokaci da dabbobi, mu dawo da goro da katako da gishiri, daga baya kuma da kayan tashar jirgin ruwa ta Tema. Abin da ya sauya kawai shi ne jaki ya zama mota mai bodin katako, Bedford ko Mercedes 911, kafin DAF da MAN su zo da tireloli.

Akwai wani abu da matasan direbobi ke yi mini dariya idan na faɗa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, amma Gana ba ta koma ba sai a watan Agustan 1974. Saboda haka a tafiyata ta farko mun bi dama tun daga Kano har Paga, muna shiga Gana sai maigidana ya karkata motar zuwa hagu, ni kuma hantar cikina ta kaɗa, na ɗauka barci ne ya sace shi. Tsofaffin motocinmu kuwa sitiyarinsu a dama yake, wanda ke nufin a Nijeriya da Nijar direba yana zaune ne ta gefen daji, ba ya hango abin da ke tahowa idan zai wuce wata mota. Yaron mota ne idonsa. Ni nake leƙa taga in ce "shiga" ko "dakata", kuma da na yi kuskure sau ɗaya da ba ni ke ba ka wannan amsa ba. A nan na fara gane cewa ran direba a hannun wasu yake.

Gadar Kennedy ta Yamai an buɗe ta a 1970, don haka ni ban riski jiran jirgin fito a can ba, sai labarinsa a bakin maigidana. Amma na riski na Yeji, ga masu bi ta Salaga, bayan madatsar Akosombo ta mayar da kogin Bolta tafki mai faɗi. Idan jirgin ya lalace sai motoci su yi layi kwana da kwanaki. Na kuma riski jar ƙasa mai gargada bayan Yamai, wadda ke kwance kowane ƙusa a jikin mota, da shingen damina da ake sa wa manyan motoci bayan an yi ruwa, ba za a ɗaga ba sai hanya ta tsane.

Inda kwanakin ke tafiya

Yi lissafi da kanka. Mota mai lodi da ke yin kilomita 50 a awa za ta cinye wannan hanya a cikin awa arba'in da 'yan kai, wato kwana huɗu ko biyar ga mai tuƙin hankali da ke kwana da dare. Mu kuwa mukan yi kwana goma, wani lokaci mako biyu, kafin mu ga Kumasi. Ragowar kwanakin a tsaye muke yin su, kuma wannan ita ce gaskiya ta farko da nake so ka riƙe: murza sitiyari shi ne mafi ƙanƙantar aikin direban ƙetare, mafi girmansa jira ne.

Iyaka uku ce tsakanin Kano da Kumasi, amma kowace tana da fuska biyu, ta fita da ta shiga, kuma a kowace fuska akwai ofishin kwastan, wanda a ƙasashen Faransanci ake ce wa duwan, da na shige da fice, da 'yan sanda ko jandarma, da masu duba katin allurar shawara. A ɓangaren Faransanci ofis yakan rufe da tsakar rana sai bayan azahar, takardunsu kuma da Faransanci suke, dole ka nemi mai cika maka su ka biya shi. Idan kayanka na wucewa ne zuwa wata ƙasa, sai ka jira motoci su taru a haɗa ku da ɗan rakiya har iyaka ta gaba, don kada ka sauke kayan a hanya. Ka isa iyaka ranar Juma'a da yamma, to ka shimfiɗa tabarmarka a ƙarƙashin mota sai Litinin.

An kafa ECOWAS a 1975, aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a a 1979, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya yi kwana 90 ba biza, sannan a 1982 aka fito da katin inshorar nan mai ruwan ƙasa da ke bin mota daga ƙasa zuwa ƙasa. Ba na raina waɗannan, domin katin inshorar ya fitar da abokan aikina da dama daga hannun hukuma bayan haɗari. Sai dai abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ke bakin shinge daban. A wata tafiya na ɗauki niyyar ƙirga shingayen da muka tsaya, da na haura hamsin sai na bari, kuma kusan kowanne sai an miƙa na goro. Amma adalci ya sa in faɗi namu laifin: da wuya ka sami motarmu ba ta ɗauki fiye da ƙima ba, ko takarda ɗaya ba ta ƙare ba, ko fasinjoji ba su ɗare a saman kaya ba. Mai kaki ya san haka, mu ma mun san ya sani, shi ya sa cinikin ba ya tsawo. Direban da komai nasa ya cika shi ma yana biya, amma yana biya ne da kansa a ɗage, kuma kaɗan.

Kwana tara a gabashin Fada

Da bazarar 1981 na ɗauko albasa daga Galmi za ni Kumasi. Ana biyan mai mota ne a kan buhu, saboda haka kowane buhun da aka ƙara riba ce a gare shi, ni kuma na ƙara nawa 'yan buhuna a sama don in sami abin komawa gida da shi, tunda kuɗin hanyar da ake ba mu ba ya kaiwa ko'ina. Mun riga mun ƙara wa sifirin, wato jerin faffaɗan ƙarafan da ke tallafe nauyin mota a kan tayoyi, wasu ƙarafan don ya jure, mun manta cewa ba sifirin kaɗai ke ɗaukar nauyi ba. Tsakanin Kancari da Fada Ngurma na faɗa wani rami da ban gani ba, sai ƙarfen da ke juya tayar baya, wanda muke ce wa shaf, ya karye kamar rake.

Babu waya, babu gari kusa sai wani ƙauyen Gurmawa da ba mu jin yarensu. Yarona ya sa waigi, muka yanko ganye muka jera a hanya, sannan muka sauke albasar muka baza ta a inuwa, domin albasa a ƙarƙashin tamfol cikin zafin bazara kwana uku ya ishe ta ta fara ruwa. Na tura yaron Wagadugu a wata mota, ya yini biyu yana yawo bai sami irin ƙarfen ba. Daga nan na rubuta 'yar takarda da ajami na ba wani direba Bagobiri mai wucewa, na ce ya kai wa mai masaukinmu a Asawase, cikin Kumasi. Dattijon nan bai taɓa ganin motar a lalace ba, bai kuma karɓi ko sisi daga hannuna ba, amma ya tashi ya tafi Magazin ta Suwame, unguwar makanikai da 'yan kayan gyara da babu kamarta a yankin nan, ya sayi ƙarfen da kuɗinsa, ya ba wani direban da ke hawowa arewa. A rana ta tara ya iso hannuna. A tsawon kwanakin nan matan ƙauyen ne ke kawo mana tuwo, muna ba su albasa, wani Bafulatani kuma yana kawo nono da safe, shi ne ma tafintanmu.

Kusan sulusin kayan ya ruɓe. Mai kayan ya yi faɗa, mai motar ya yanke mini albashin wata biyu, ko da yake shi ya tsaya a kan a ƙara lodin. Abin ya yi mini ciwo a lokacin, amma ba shi na fi tunawa ba. Abin da na fi tunawa shi ne yadda 'yar takarda ta ratsa iyaka ta komo da ƙarfe, bisa amana kawai. Idan mahaifinka ya ce tuƙin da ya fi mutunci, ina kyautata zaton wannan yake nufi, kuma a nan ya yi gaskiya. Mai masauki a zango shi ne bankinka, shi ne lauyanka idan an kama ka, shi ke nemo maka lodin dawowa, shi ke jinyarka idan zazzaɓi ya kayar da kai, idan kuma ajali ya riske ka a can shi zai yi maka sutura ya aiko da kayanka gida. Mu ma muna biyan wannan da irin namu: mukan ɗauko wasiƙu da saƙon kuɗin 'yan kasuwa a ƙulle cikin tsumma, daga Kumasi har Kano, ba rasit ba shaida. Direban da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa yakan riga shi isa kowace tasha.

Abin da ba ma gaya wa 'ya'yanmu

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mu tsofaffin direbobi idan muka zauna da 'ya'yanmu mukan zaɓi labarin da zai sa su yi alfahari da mu, mu haɗiye sauran. Tunda kana shirin sa dukiyarka da ranka, dole in faɗa maka sauran.

Na haifi 'ya'ya tara, sunan uku kawai na halarta. Rasuwar mahaifina a Bolga na ji ta, a bakin wani direba, kwana goma sha biyu bayan an rufe shi. Na shekara kusan arba'in ina sallar ƙasaru fiye da cikakkiya, har yarana suna tsokanata cewa na manta azahar raka'a huɗu ce. Barci kuwa shi ne babban abokin gabarmu. Mun fara yaƙarsa da goro da shayi mai kauri, daga baya wasu suka koma ƙwaya, kuma ƙwaya ba ta kore barci, tana dai buɗe ido ne alhali ƙwaƙwalwa ta riga ta kwanta. Yawancin abokaina da suka mutu a hanya tsakanin ƙarfe uku na dare da asuba suka mutu, a kan miƙaƙƙiyar hanya mai kyau, ba a kwana ko gangara ba. Wasu kuma cutar ƙanjamau ta ɗauke su a shekarun 1990, suka kai ta gida ga matan da ba su ji ba ba su gani ba. Mutum ya yi wata biyu ba ya gida, ga kuɗi a aljihu, ga garuruwan kwana, sai wanda Allah ya tsare kuma ya tsare kansa. Waɗanda muka tsira mun fito da ciwon baya da basir da raunin ido, kuma ba mu da fansho.

Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin direba da mai mota baki ɗaya, wato siyasa. Maigidana yakan ba da labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, masu masauki da yawa suka watse da basussukan mutane a kansu. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora a Nijeriya, a shekarar da fari da gobarar daji suka jefa Gana cikin yunwa. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta sauya launin kuɗi ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a Maris 1986 zamanin Babangida. Rufewar ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Kusan shekara biyu ina jigilar hatsi a cikin gida, wasu abokaina kuma suka faɗa fasa-ƙwauri ta barauniyar hanya, wasunsu suka rasa motocinsu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kuɗin da Nijar da Burkina Faso ke amfani da shi, da rabi a dare ɗaya. Kai ma ka ga naka: an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, motoci suka yi layi da kaya suna ruɓewa a Illela da Jibiya da gadar Gaya. Duk wanda ke da mota ɗaya tak a kan hanyar ƙetare, sanarwa ɗaya a rediyo ta isa ta mayar da shi mai zaman kashe wando, alhali taya da batir suna lalacewa a tsaye.

To, da ko yanzu?

Ta fuskar kwalta da mota da sadarwa, yanzu ta fi da nesa ba kusa ba. Abin da ya zaunar da ni kwana tara, yau kira ɗaya ne a waya da tura kuɗi, gobe kayan gyara ya iso. Birkin motocin yanzu ya fi namu, gidan direba yana da gado, ba kuma sai ka ɗaura kuɗin mutane a ƙugu ba. Sai dai motar zamani mai na'ura a cikin injinta ba a gyara ta a gindin bishiya da sifana da guduma yadda muke yi wa 911, kuma wayar da ta sauƙaƙa aiki ita ce ta rage wa mai masauki daraja, tunda mai kaya da ɗan kamasho suna gama ciniki ba tare da shi ba. An sami sauri, an rage jingina da mutane, kuma ranar da waya ta kasa fitar da kai za ka ji rashinsu.

Ta fuskar tsaro kuwa, da ta fi, kuma ba ƙaramin fi ba. Dajin da na kwana tara a cikinsa ba abin da nake tsoro sai maciji da kunama, yau yana cikin yankunan da masu ɗauke da makamai suka addaba tun wajen 2018, hanyar Torodi zuwa Kancari da Fada ta zama wadda ba a shiga da ganganci. Bayan 2023 motocin da ke ɗauko kayan Nijar daga tashar Lome sun koma bi ta Kaya da Dori da Tera cikin ayari da rakiyar soja, suna jiran makonni kafin a tashi. Ko yankin Jibiya da muke ratsawa da tsakar dare muna waƙa, yanzu sai da lura. Ga shi kuma Nijar da Burkina Faso da Mali sun kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, dokokin takardu da haraji suna ta sauyawa. Ni na sauka daga mota tun 2012, saboda haka abin da na gani da idona ya tsaya a nan. Halin da hanya ke ciki a wannan mako, a bakin direban da ya sauka jiya za ka ji shi, kuma kada ka tashi sai ka ji.

Maganar sayen tirela

Shawarata ita ce kada ka saya yanzu. Tsohuwar tirelar da rabon gado zai iya saye, mai ita ya riga ya sha romonta, abin da zai miƙa maka shi ne ciwonta. Tayoyi kaɗai idan suka tashi sauyi za su iya cinye ribar tafiya da yawa, ga gas, ga takardu, ga ma'aunin nauyi da ƙasashen sefa suka kafa doka a kansa tun 2005, wanda ya sa ƙarin lodin da muke rufe asara da shi ya zama abin tara. Mai mota goma idan ɗaya ta kwanta tara suna ciyar da ita. Mai mota ɗaya idan ta kwanta, gidansa ne ke ciyar da ita. Na ga direbobi ƙwararru, waɗanda suka fi ni hannu, sun sayi mota da kuɗin gona, bayan shekara biyu ba motar ba gonar.

Kuma jan bas a cikin gari bai koya maka babbar mota ba, kada ranka ya ɓaci. Bas tana tsayawa inda ka taka birki, tirela mai lodi kuwa tun daga nesa ake roƙonta. Gangara da giya ake saukarta, ba da birki ba, domin birki idan ya yi zafi sai ya sake ka a inda ka fi bukatarsa. Akwai ɗaurin kaya, da rabon nauyi a kan tayoyi, da ja da baya da bodi mai tsawo, da sanin ƙarar inji tun kafin ya faɗi ciwonsa. Ba a koyon waɗannan sai a gefen wanda ya iya. Ni na yi shekara shida ina yaron mota. Kai da ka riga ka iya tuƙi, biyu ko uku za su ishe ka, in dai ka sami maigida mai tsoron Allah wanda ba ya shan ƙwaya, kuma ka haƙura da a kira ka karen mota kana da shekara 25. Bayan nan ka nemi lasin manyan motoci ta hanyar da ta dace, ka ja motar wani ko ta kamfani a cikin Nijeriya, Kano zuwa Legas ko Fatakwal, har ka san kanka da barcinka. Sannan ka fara ƙetare ta gajeriyar hanya, Maraɗi ko Damagaram, inda harshenka ke ci, ka koyi ɗan Faransancin da za ka karanta takardar da kake sa wa hannu. Rabon gadon kuwa ka bar shi a fili ko gida. Idan bayan shekara biyar har yanzu zuciyarka na kan hanya, lokacin kai da kanka za ka san motar da ta cancanci kuɗinka, ba sai ka tambaye ni ba.

Littafin mahaifinka

Kusan kowane direban ƙetare na zamaninmu yana da irinsa, nawa ma yana nan cikin akwati. Sunayen da ke gefen garuruwa su ne mutanensa a kowane zango: mai masauki, bakanike, mai faci, mai canjin kuɗi, mai cika takardu a bakin iyaka, wataƙila da mai abincin da ke ba shi bashi. Lissafin kuma na sefa ne yadda Hausawan Nijar ke ƙirga ta. Dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka duk adadin da ka ga an rubuta dala a gefensa sai ka ninka shi sau biyar: dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari kuma sefa 500. Jaka ɗaya sefa 1,000 ce, wato dala metan. Inda ka ga sunan garin Gana, mai yiwuwa lissafin na sidi ne, wato kuɗin Gana.

Ka duba da kyau ko akwai layukan da aka soke da waɗanda aka bari. A al'adarmu wanda aka soke an biya, wanda ba a soke ba yana nan, ko dai mahaifinka ke bin mutumin ko mutumin ke bin sa, kuma kowane direba da alamar da yake bambanta biyun da ita. Wanda zai warware maka alamar shi ne yaron motarsa na ƙarshe, ko abokan lodinsa a tashar da yake tashi. Ka je ofishin ƙungiyar direbobi na tashar da littafin a hannunka, za a nuna maka su. Ka yi wannan kafin a raba gadon, tunda bashin mamaci ake fara fitarwa, kuma ka sanar da malamin da zai yi rabon cewa akwai littafin. Mutanen da ke ciki wasu sun rasu, amma a zango gida ba ya ɓata, za a kai ka wurin 'ya'yansu idan ka ambaci sunan mahaifinka da lambar motarsa.